Yadda ake saƙa faifai a gidan gona, tsakanin surfe da tuwon dare

A gidajen da ke warwatse a bayan Fagam, can ƙasar Gwaram inda Jigawa ta yi iyaka da Bauchi, ba a ware wa saƙar faifai rana guda. Matar da ke zaune nesa da injin niƙa, nesa da famfo, lokacinta guntu-guntu yake zuwa: kafin ruwan tuwo ya tafasa, bayan azahar sa'ad da rana ta kora kowa inuwa, ko ɗan zaman la'asar kafin awaki su dawo. Da waɗannan guntayen ake haɗa faifai. Kusan kowane mataki na aikin an tsara shi yadda za a iya ajiyewa a tashi, a dawo a ɗora daga inda aka tsaya.

Shiri yana farawa tun da kaka. Faifai abu biyu ne, ciyawar da ke ciki da kabar da ke naɗe da ita. Ciyawar ana yankanta ne bayan ta ƙosa, kafin shanu su tattake ta ko gobarar daji ta lashe ta. Mai kusa da fadama takan nemi jema, wata kuma ta yi amfani da tsinkayen da suka rage bayan an tsaga kaba. Lokacin ya zo daidai da cirar gyaɗa, roron wake da yankan riɗi, don haka babu mai fita musamman saboda ciyawa. A hanyar dawowa daga gona ake yanka ta, a ɗora kan itacen girki. A gida sai a shanya, a ɗaure dami-dami, a sa a kan rumfa inda gara ba za ta kai ba.

Kaba kuwa ganyen goriba ce tun tana ƙarama. Sabon tohon tsakiya, wanda bai buɗe ba, shi ake so, domin shi ne ke bushewa da haske ya kuma karɓi rini. A yi hattara da ƙayar da ke jikin sandar ganyen, tana yagar hannu. Mai hankali ba ta aske gindi ɗaya tas, takan bar masa abin da zai sake tohowa. Inda gonaki suka cinye dajin kaba, dole a saya a kasuwa, a Sara ko Gwaram ko duk inda ta fi kusa. Cinikin kaba tsohon abu ne a ƙasar Hausa. A jihar Maraɗi akwai kwarin Gulbin Kaba, wajen Mayahi, inda gidaje da dama ke rufa wa kansu asiri da yankanta da sayarwa.

Idan kabar ta sha iska ta bushe sai tsaga. Da farce ko bakin allura ake tsaga ta siri-siri, kuma faɗin kowane sili ya zama ɗaya da na ɗan'uwansa, in ba haka ba saƙar za ta fito da tudu da kwari. Wannan aikin dare ne. Bayan an ci tuwo an zauna hira a tsakar gida, hannu na tsaga baki na magana, ba a bukatar fitila sosai. A nan 'yan mata ke fara sa hannu.

Rini shi ma ba a hura masa wuta ta daban, itace ya fi ƙarfin haka. Ana kwashe tuwo, garwashi na da sauran ƙarfi, sai a ɗora tsohuwar tukunyar da aka daina girki da ita, a zuba galura da ɗan gishiri, a nutsa kabar a juya har ta sha. A tsame, a ɗauraye, a shanya a inuwa. Galurar kasuwa ce ta kawo kore da shuɗi da ruwan hoda. Kafin ita, kuma har yau a hannun wasu tsofaffi, ja daga karan dafi yake fitowa idan aka haɗa shi da kanwa, baƙi daga bagaruwa da kashin maƙera, ɗorawa kuma daga saiwar rawaya. Jan karan dafi ba ya ƙyalli irin na galura, amma yana da zurfi, kuma ni dai ya fi kwanta mini a rai. Ja ba baƙon launi ba ne a wannan ƙasa. A Birnin Kudu, maƙwabciyar Gwaram, akwai zanen shanu a jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude, da yawansu da jan launi, har da shanu marasa tozo da ba a kiwon irinsu a yankin yanzu. Wani mai bincike, Bernard Fagg, ya yi nazarinsu a tsakiyar shekarun 1950, yau kuma suna hannun hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa. Ana tasowa daga nesa a kalle su, kuma sun cancanci kallo. Abin da ke damuna shi ne, idon da ya yaba wancan zane yakan wuce faifan da ke kan ƙwaryar nono bai tsaya ba, alhali akwai lissafi da gwaninta a cikinsa.

Kafin a fara saƙa a yayyafa wa kabar ruwa, a naɗe ta a ɗanyen tsumma. Da hunturu wannan wajibi ne, don iska na busar da sili kafin a kai ƙarshensa, busasshiyar kaba kuwa karyewa take yi a lanƙwasar farko.

Cibiya ita ce mataki ɗaya tak da ba ya yarda a tashi a bar shi. Ana ɗaukar ciyawa 'yar kaɗan, a naɗe bakinta da kaba, a murɗa ta ta zama ɗan zobe ƙanƙane wanda ba rami a tsakiyarsa, a soke a ɗaure. Idan aka saki hannu kafin a kewaya sau uku ko huɗu, warwarewa za ta yi. In kuma ta karkace, duk faifan ya karkace har baki. Shi ya sa mai abokiyar zama takan fara sabon faifai ranar da ba ita ke da girki ba. Wadda take ita kaɗai sai ta jira yara su tafi makarantar allo, goyo ya yi barci, maigida ya fita.

Daga nan sai kewaye. Hannun hagu na riƙe da damin ciyawa a jikin layin da aka gama, na dama ya soka basilla a gefen wancan layi, a zura sili ta hudar, a zagayo da shi kan ciyawar, a ja, a danne da babban yatsa. Sili na gaba yana maƙale a leɓe yana jira. Kowace suka ta zauna jikin ta baya yadda ciyawar ciki ba za ta leƙo ba. Idan dami ya fara sirancewa a cusa sabbin tsinkaye biyu ko uku a tsakiyarsa, ba a bari ya ƙare sannan a ƙara gaba ɗaya, domin nan ne kumburi ke fitowa. Idan sili ya ƙare, ko za a canza launi, a kwantar da wutsiyarsa cikin dami, sabon ya hau kansa ya binne shi. Ba a ƙulli.

Ana cikin haka za a ji akuya ta tsinke ta nufi rumbu, ko talge ya fara tafasa, ko a yi sallama a ƙofar gida. Sai mai saƙar ta soke basillar a inda ta tsaya, ta cusa silin, ta ɗora aikin can saman danga, don awaki ba sa barin kaba. Ajiyewar ba ta da wuya. Dawowar ce ke raba gwana da mai koyo. Hannun da ya gama surfen gero ko dakan fura ya yi nauyi, ja yake da ƙarfi bai sani ba. Hannun da ya fito daga wanke-wanke ya yi laushi, sakwa-sakwa yake ja. Idan aka matse da yawa, faifan zai tashi ya lotsa kamar malafa. Idan aka sassauta, ya yi lako-lako, bakinsa ya yi ta lanƙwasa. Faifai ɗaya yakan sha ɗauka da ajiyewa ba adadi kafin ya ƙare, kuma ana so ya fito tamkar a zama ɗaya aka yi shi. Gwanaye idan sun dawo ba sa afkawa. Sukan shafa layin baya da yatsa su ji ƙarfinsa, su yi suka biyu uku a hankali har hannu ya dawo daidai, lokaci-lokaci kuma su kifa aikin a cinya su ga ko yana kwance. Wannan ba ya koyuwa da baki. Shekaru ne ke sa shi a hannu.

Ado kuma a ka yake, ba a zana shi a ko'ina. Zobe-zobe na launi shi ne mai sauƙi, da shi ake fara koya wa yarinya. Mai wuya shi ne wanda ke fita daga cibiya zuwa baki, zubin tauraro ko gidan dara, saboda kowane kewaye ya fi na bayansa tsawo, dole a riƙa ƙara yawan suka a kowane gida, kuma ƙarin ya zama ɗaya a duk gidajen. Mace na ƙirga wannan tana sauraron tukunya, tana amsa wa yaro. In ƙirga ya kuɓuce a layi ɗaya, sai an yi layi uku a gaba kafin ido ya gani.

"Inna, ƙafar nan ta fi sauran faɗi."

"Warware, 'yar nan. Koma inda jan ya fara, ki sake ƙirgawa."

"Duka, Inna?"

"Duka. Gidan wani za a kai shi."

Idan faɗin ya kai yadda ake so, murfin ƙoƙo ne ko na babbar ƙwarya ko na bakace, sai a daina ƙara ciyawa, a bar damin ya yi ta sirancewa har ya ɓace a jikin layin ƙarshe, kada a ga inda aka tsaya. Baki ana bin sa da suka matsattsiya, sau da yawa da baƙi ko ja, domin shi ke shan wahala. A yi ɗan maratayi. A bi da reza a aske gashin da ya fito, a yayyafa ruwa kaɗan, a danne da abu mai nauyi ya kwana.

Faifan aiki, na bakace da rufe tuwo, ba a ɓata masa rini da yawa. Na ado shi ke tafiya jeren amarya ko ya hau ƙwaryar Bafillatana mai tallan nono, kuma uwa takan fara tara wa 'yarta tun kafin a sa rana. Saura a ba yara ko wata dattijuwa ta kai kasuwa, kuɗin ya shiga adashi, ko sabulu da gishiri, ko ya taru ya zama 'yar akuya. Murfin roba da farantin silba sun rage masa kasuwa, wasu masu saƙar ma sun koma naɗe ciyawar da zaren buhu ko ulu saboda ya fi sauri kuma launinsa na jan ido. Ba na ganin laifinsu, domin kuɗin da ake biya bai taɓa kai yawan zaman da aka yi ba. Amma na kaba ya fi jure zafin tuwo, kuma yana barin abinci ya sha iska, ba ya tara gumi ya ɗiga a kai. Mai saye ya juya bayansa ya duba: in bayan ya yi tsaf kamar gaban, babu wutsiyar sili a waje, ya biya abin da aka ce ba tare da dogon ciniki ba.

Yawancin saƙar daga bayan kaka ne zuwa bazara, lokacin da bukukuwan aure suka fi yawa. Da ruwa ya sauka an yi shuka, ga kai abinci gona, ga gayaunarta da ke jiran noma, ga danshi da ke sa kaba fumfuna. Sai a naɗe abin da ya rage na rinanniyar kaba a rataye a ɗakin girki inda hayaƙi ke korar ƙwari, faifan da ba a gama ba kuma a sa shi a buhu tare da basillarsa, sai gero ya shigo gida.