Amsar Tambaya: Takardar Izinin Shiga Intanet

Tambaya: Makarantar ɗiyata a Bantama ta aiko takarda in sa hannu domin ta riƙa shiga intanet a ɗakin karatu. Ina tsoron abin da za ta gani. In ƙi?

Amsa: Hajiya, ki sa hannu, amma ki fara zuwa makarantar da ƙafarki. Ki tambayi mai kula da ɗakin karatu ko akwai malami a ciki duk lokacin da yara ke kan kwamfuta, da ko an toshe shafukan batsa da na caca. Ki duba ma yadda aka jera kwamfutocin: idan fuskarsu na kallon tsakiyar ɗaki, hankalinki ya kwanta.

Idan kin ƙi, yarinyar za ta ari wayar ƙawarta a lungun Zango, inda babu mai sa mata ido.

Dokar tsaron intanet ta Ghana ta 2020 ta haramta yaudarar yara ta intanet. Duk baƙon da ya nemi hotonta, ki kira 292, lambar hukumar tsaron intanet. Ki kuma gaya mata tun yanzu cewa ba za ki doke ta ba idan ta kawo miki irin wannan labari.