Amsoshin Tambayoyinku: Mota Mai Jan Taya Huɗu a Damina

Wani mai sauraronmu daga Gembu yana tambaya: shin mota mai jan taya huɗu, irin Subaru Outback ko Toyota Prado, ta fi aminci idan yanayi ya ɓaci?

To Malam, injin irin wannan mota yana raba ƙarfinsa ga tayoyin gaba da na baya. Idan na gaba suka faɗa caɓi suna wulwulawa, na baya sukan tura ta ta fita. Shi ya sa take hawan tudu mai santsi, kuma ake son ta a ƙasashen ƙanƙara kamar Kanada.

Amma wajen tsayawa ba ta fi sauran motoci ba, domin kowace mota tayoyi huɗu birkinta yake kamawa. A nan lafiyar taya ce magana. A Turai doka ta hana hawa taya idan zurfin zanenta bai kai milimita 1.6 ba.

Jif irin Prado tana tsallake kwazazzabo saboda tsayinta, amma ta fi wagon irin Outback saurin kifewa a kwana. Ruwa mai gudu da ya kai zurfin santimita 60 yana iya tafiya da jif ma. Don Allah Malam, rage gudu, kuma idan ruwa ya shafe hanya, dakata sai ya janye.