Yadda ake haɗa babban tiyo da ƙarami a lambu

Da zarar damina ta ɗauke, fadamun Dinawa har zuwa Wurno da Goronyo sai ƙugin injin ban-ruwa. Wasu ruwan kogin Rima suke ja, ruwan da madatsar Goronyo da aka kammala a 1984 ke sakowa, wasu kuma rijiyar cikin lambu. Sau da yawa bakin injin inci 3 ne, tiyon da ke hannu inci 2, kuma a wurin haɗa su ne mai albasa ke asarar fetur bai sani ba.

Da farko ka san cewa ruwan da ya shiga ta babban baki shi zai fita ta ƙaramin, don haka dole ya ƙara gudu. Daga inci 3 zuwa 2, gudun ya kan ninka sau biyu da kwata. Inda gudu ya ƙaru, matsin ruwa raguwa yake yi. Wani masani ɗan Italiya, Venturi, ya rubuta a kan haka tun 1797.

Kada ka cusa ƙaramin tiyo cikin babba ka naɗe da roba. Ruwan zai daki gefen, ya yi ta juyi a lungu, ƙarfinsa ya tafi a banza. Je wurin mai walda ya lanƙwasa maka mahaɗin ƙarfe mai tsukewa sannu a hankali, tsawonsa kamar taƙi guda. Sa yatsa ka shafa cikinsa. In ka ji tudun walda, a goge shi, domin ruwa ba ya son kaushi.

Sai wurin sawa, wanda a ganina ya fi komai muhimmanci. Sa mahaɗin ta inda ruwa ke fita daga inji. In ka tsuke ɓangaren da ke zuƙo ruwa, matsi zai faɗi har kumfa ta taso, ka ji inji na ƙara kamar yana taunar tsakuwa, farfelarsa na cinyewa. Kuma ka bar babban tiyo ya ci mafi yawan nisan, ƙaramin ya zo a ƙarshe, don siririn tiyo mai tsawo ya fi gajiyar da ruwa.

A bakin fangali ruwan zai fito da gudu, yana iya tone dashe. Buɗa masa hanya a hankali, buɗawar ta fi tsukewar tsawo, ko ka shimfiɗa buhu ya fara sauka a kai. Sannan ka tada inji, ka bi mahaɗin da hannu ka ji ko yana yoyo.