Sitirol na Tsirrai: Amfaninsa da Iyakarsa

Hakimai da malamansu sun sani dattawa da yawa suna fama da wahalar fitsari, kuma masu tallan magani suna cin kuɗinsu da sunan warkarwa. Don haka muka ga ya kamata a bayyana wani abu da ake sa wa cikin irin waɗannan magunguna, watau sitirol.

1. Sitirol wani irin maiƙo ne da ke cikin tsirrai. Ana samunsa cikin gyaɗa, da riɗi, da wake, da man masara. Ya yi kama ƙwarai da kolestirol, watau kitsen nan da kan taru cikin hanyoyin jini har ya jawo ciwon zuciya.

2. Saboda wannan kama, in sun haɗu a hanji sai sitirol ya tare wa kolestirol hanya, wani sashensa ya fita da bayan gida. Giram 2 kowace rana yakan rage mugun kolestirol da wajen kashi 10 cikin 100. Amma abincin yau da kullum bai cika ba mutum ko rabin giram ba. Shi ya sa a ƙasar Finlan, cikin 1995, aka fara sayar da man shafa wa burodi wanda aka ƙara wa irin wannan abu.

3. A ƙarƙashin mafitsarar namiji kuwa akwai wata tsoka kamar ƙaramin goro, likitoci suna kiranta furostet. In shekaru sun ja takan kumbura ta matse hanyar fitsari. A 1995 aka buga labarin wani gwaji da aka yi a Jamus da mutum 200. Waɗanda suka sha sitirol wata shida fitsarinsu ya ƙara sauƙin fita, amma tsokar ba ta ragu ba.

4. To, a lura. Sitirol sauƙi yake kawowa, ba ya warkarwa, ba ya kuwa maganin ciwon daji, wanda kan kama wannan tsoka shi ma. Wanda likita ya ba maganin kolestirol kada ya bari don ya sayi na kasuwa.

Saboda haka muna roƙon hakimai su gargaɗi dagatai da masu unguwanni. Duk dattijon da ke yawan tashi fitsari da dare a kai shi asibiti a duba. In fitsarin ya tsaya ƙaf, ko an ga jini, kada a bari ya kwana. Kunya ba ta maganin cuta.