Mayar da Babbar Manhaja Cikin Kwamfuta Idan Faifan Asali Ya Ɓata

Hakimai da malamansu su sani, ɓatan faifan da ya zo tare da kwamfutar tafi-da-gidanka ba ya kashe izinin amfani da manhajar Windows. Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, masu ƙira suna rubuta lambar izinin a cikin jikin na'urar kanta. Kwamfutocin zamanin Windows 7 kuwa, tasu lambar tana kan wata 'yar takarda manne a ƙarƙashi, ko a ramin batir, haruffa da alƙaluma 25. Malami ya kwafe ta cikin littafin ofis tun ba ta goge ba.

Abin tsoro shi ne takardu. Sabon zubi yana iya share duk abin da ke ciki, watau wasiƙu, da rajistar haihuwa, da bayanin iyakokin gonaki wanda in ya salwanta sai a sake tara dattawa. Saboda haka lalle ne a fara kwashe su zuwa wata ma'ajiya dabam, sa'an nan a buɗe kaɗan daga cikinsu a wata kwamfuta, a tabbata sun kwafu. Idan an kulle na'urar da BitLocker, a nemo lambarta mai alƙaluma 48 kafin a taɓa kome. Ya kamata Hakimi ya ga wannan aiki da idonsa, domin shi za a tambaya, ba mai gyara ba.

In kwamfutar tana tashi, a gwada umurnin da ake kira Reset this PC, wanda ke sabunta manhajar ba da faifai ba. In ta ƙi, sai a sami filas wanda bai kasa gigabait 8 ba, a je wata kwamfuta mai intanet, a sauke Media Creation Tool daga shafin Microsoft, shi zai zuba manhajar cikin filas ɗin. Amma fa duk abin da ke cikin filas ɗin zai tafi. Daga nan a soka shi, a kunna, a danna F12 in Dell ce, ko F9 in HP ce, a zaɓi filas. A lura da iri: wadda izininta na Home ne, in aka zuba mata Pro ba za ta karɓa ba. Kada a yarda da faifan jabu na kasuwa kome araharsa, gama sau da yawa yana ɗauke da ƙwayar cuta.

Saura magana guda. Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairu 2020, ya daina kula da Windows 10 ta gama-gari ran 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuwa tana neman TPM 2.0 da ƙwaƙwalwa gigabait 4, tsofaffin na'urori da yawa ba su cika wannan sharaɗi ba. Irin waɗannan ana iya zuba musu Ubuntu, wadda kyauta ce, sai dai malami zai sha 'yar wahala kafin hannunsa ya saba.