Makahon Kare Da Karatun Abokina

'Yata,

Saƙonki ya iso mini daren Talata, na saurare shi har sau biyu. Na ji yadda muryarki ta yi rawa da kika zo kan sakamakon jarrabawar abokina, jikan nan nawa, wai ya zo na kusa da na ƙarshe, kuma malaminsu ya kira shi daƙiƙi a gaban 'yan aji. Kin ce ubansa ya fara zancen dorina. To, kafin a kai ga dorina, ki ba ni aron hankalinki in ba ki labarin Duna. Kin sha ganinsa kwance a bayan garken awaki, amma ba ki taɓa tambayar yadda aka yi ya zo gidan nan ba.

Karen wani maƙwabcinmu ne, mafarauci. Ya yi shekaru yana bin sa daji, har tsufa ya zo, yana ta rufe masa idanu biyu. Ran nan na ji mutumin yana cewa zai kai shi bayan gari ya baro shi, tunda ba ya iya bin ko zomo. Na ce ya bar mini. Da na shigo da shi a igiya, tsohuwarki ta dube ni ta ce, "Malam, aikin banza ke nan, makaho da waiwaye. Me makahon kare zai tsare maka?" Ban yi mata musu ba, don ni ma a lokacin ban san amsar ba. Abin da na riƙe shi ne, malamanmu na Malikiyya suna ɗaukar kare mai rai a matsayin mai tsarki, sai dai a wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai, kuma an yarda a ajiye shi don farauta da tsaron dabbobi da gona. Ga kuma labarin nan da Buhari da Muslim suka ruwaito, na mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Sai na yi masa wuri a can bayan gida, na ajiye masa kasko.

Makon farko abin tausayi ne. Ya yi karo da turmi, ya yi karo da randa, ya taka kaskonsa ya kife. Yana tafiya yana ɗaga ƙafa sama kamar mai tsallake ƙaya. Malamin dabbobi ya zo ya duba shi, ya yi masa allurar rigakafin haukan kare, ya ce yanar idon ta riga ta nuna, aikin cire ta kuma sai babban asibitin dabbobi da kuɗi masu yawa. Sai ya ba ni shawara guda: kada a riƙa sauya wa kaya wuri, kuma kada kowa ya taɓa shi ba tare da ya fara yi masa magana ba, don makahon kare idan ya firgita yana iya kai cizo. Ya ce in kwantar da hankalina, ido ba shi ne babban jarin kare ba. Da ma ido rufe ake haifar ɗan kwikwiyo, sai ya yi kamar mako biyu yake buɗewa, da hanci yake lalubo nonon uwarsa. Hancin nasa ya ninka namu nesa ba kusa ba, kunnensa kuma yana kama ƙarar da mu ba ma ji sam.

Haka kuwa aka yi. Kafin wata ya cika, Duna ya haddace gidan. Daga makwancinsa zai bi jikin katanga, gashin bakinsa yana shafar ginin, ya karkata daidai gindin rumbu, ya zo kan kaskonsa ba tare da ya taɓa komai ba. Baƙo ba zai ce makaho ba ne. Wata rana yara suka yi daka suka bar turmi a tsakar hanya. Ya zo da saurinsa ya gwabza goshi. Bai yi kuka ba, ya dai tsaya cak, ya sunkuyar da kai, yinin nan duk ya koma ɗaga ƙafa irin ta makon farko. Turmi ɗaya ya rushe masa aikin wata guda. Na daɗe ina tunanin wannan, don na yi shekara 35 ina riƙe da alli, na kuma san sau nawa na ajiye wa yara turmi a hanya da bakina.

Yanzu ga abin da ba ki sani ba. Hutun da abokina ya yi a nan bara, na zaunar da shi a zaure na ce ya karanta mini. Ya kai kan kalmar “ɗaki” ya ce “baki”. Na ce a'a. Ya sake, na sake cewa a'a. Daga nan harshensa ya sarƙe, gumi ya keto masa, ko sunansa aka rubuta ba zai iya karantawa ba. Na sallame shi. Bayan la'asar ina alwala sai na jiyo murya daga bayan garke. Na leƙa. Yana zaune a gindin darbejiya, littafin a cinyarsa, Duna ya ɗora haɓa a kan ƙafarsa. Yana karanta masa a hankali, yana bin layi da yatsa. Ya zo kan kalmar nan ya ce “baki”, ya yi shiru, ya dubi hoton, ya ce, “A'a, Duna, ɗaki ne.” Ya ci gaba abinsa. Ya gama shafi biyu. Karen bai san baƙi ko ɗaya ba, kunne kawai yake motsawa idan muryar ta tsaya. Na koma kan butata ina jin kunya, tsohon hedimasta guda, kare ya fi ni iya sauraro.

Ashe ma wasu sun daɗe da gano wannan. A shekarar 1999 wata ƙungiya mai suna Intermountain Therapy Animals a birnin Salt Lake City na Amurka ta fara kai horarrun karnuka ɗakin karatu, yaro ya zauna kusa da kare ya karanta masa da ƙarfi. Abin ya bazu zuwa makarantu a ƙasashe da dama. Kada ki ɗauka karen ne ke koyarwa. Ba ya koyar da komai. Tsoro yake cirewa. Ba ya dariya, ba ya tsaki, ba ya cewa ƙanwarka ma ta iya. Yaron da ba ya jiran tsawa yana samun sararin da zai ji kuskurensa da kunnensa ya gyara.

Akwai kuma abin da na lura ya shiga ran abokina. Ya tambaye ni, “Kaka, yaya yake gane hanya ba ya gani?” Na ce ya rufe ido ya gwada zuwa rumbu. Ya yi tuntuɓe sau uku, muka yi ta dariya. Sai na ba shi labarin Louis Braille, yaron Faransa da aka haifa a 1809, wanda basillar ubansa, baduku mai ɗinkin kayan doki, ta soke masa ido yana ɗan shekara 3 har ya makance. Yana da shekara 15 ya tsara rubutun ɗigo shida da ake karantawa da yatsa, irin wanda ake koyarwa a makarantar makafi ta Gindiri da aka buɗe tun 1953. Ya yi shiru, can ya ce, “To ni ma ta wata hanya zan bi.” Ban ƙara masa ko kalma ba.

Ga abin da nake so ki yi. Ki fara kai shi a duba idonsa da kunnensa. Yara da yawa da na ga ana duka, allo ne ba sa gani daga bencin baya, su kuma ba su san haka ba ne, sun ɗauka kowa dishi-dishi yake gani. Idan an ce lafiya lau, to ki sani akwai yara masu kaifin basira da haruffa ke rikice musu, b ta zama d, mu kuma a Hausa mun ƙara musu ɓ da ɗ. Irin wannan ba dorina ke gyara shi ba, maimaici ne da haƙuri. Ko a makarantar allo ba a haɗa wa yaro babbaƙu da farfaru rana ɗaya. Ki tsayar masa da lokaci ɗaya da wuri ɗaya kullum, ko minti 15 ne bayan la'asar, da littafi mai sauƙi wanda zai iya, ko da na 'yan ƙasa da ajinsa ne. Idan ya yi kuskure ki ƙirga biyar a zuci kafin ki buɗe baki. Sau da yawa kafin ki kai biyar ya gyara da kansa. Kada yau ke, gobe ubansa da wata hanya, jibi malamin lesin da tasa. Wannan shi ne sauya wa turmi wuri.

Ban ce ki je ki nemo kare ba. Gidan haya kuke, ba ku da garke, kuma kare amana ce mai ci da sha da allura duk shekara. Kyanwar gidanku ta isa, ko ki saya masa zomo ko tattabaru biyu, ya zama shi ke ba su abinci, ya karanta musu idan ya ga dama, ya wanke hannu idan ya gama. Kada ku tsaya a kansa kuna kallo, kada kuma a mai da abin labarin ba da dariya idan an yi baƙi.

Malamin nasu kuwa, ki je ki same shi da girmamawa, ba da faɗa ba. Mai aji cike da yara shi ma abin a tausaya masa ne. Ki roƙe shi ya dawo da yaron bencin gaba, ya kuma daina tsayar da shi karatu a gaban jama'a har zuwa ƙarshen zango. Zancen dorina ki bar mini, ni zan kira maigidan naki da kaina.

Af, na manta ban gaya miki ba, watan jiya cikin dare Duna ya tashe mu da haushi, muka tarar an fara kwance igiyar awaki. Tsohuwarki yanzu ita ke zuba masa tuwo da hannunta. Idan an yi hutu ki turo mini abokina, ya taho da littafin nan nasa. Ki gai da mutanen gidan.