Nasiha ga Mai Nufin Ramukan Zinariya na Birnin Gwari

Wanda ya ɗaura niyyar ci-rani zuwa ƙasar Birnin Gwari, inda ake haƙar zinariya tun zamanin Turawa a wajejen Tsohon Birnin Gwari da Kwaga, lalle ne ya fara bincika lafiyar hanya wurin direbobin tasha, ko ta Buruku zai bi ko ta Funtuwa, domin sulhun da aka ƙulla da 'yan bindiga a 2024 bai sa dajin ƙasar ya zama wurin tafiyar dare ba. Amma akwai wani haɗari wanda baƙo bai cika tunawa da shi ba, alhali kuwa yana halaka mutum ba tare da ƙara ba, wato ƙarancin iska a ƙasan rami.

Masu nutso a teku, waɗanda ke goya tulun iska, suna da ƙa'ida: kafin mutum ya nutsa sai ya shaƙi iskar tulunsa yana duban ma'auni, in ya ga saɓani ya fasa, ba mai zarginsa da tsoro. Haƙiƙa mai haƙa ya fi su bukatar wannan ladabi, tun da shi ba ya goye da komai. Kashi 21 cikin 100 na iskar sarari shi ne abin da rai ke amfana da shi, ramin da ya kwana ba a shiga ba kuwa, musamman mai ruwa ko ruɓaɓɓen itace, iska mai nauyi takan kwanta a gindinsa ta kore mai amfanin. Saboda haka kowace safiya a zura fitila mai harshen wuta da igiya har ƙasa. In harshen ya ƙanƙance ko ya mutu, kada kowa ya sauka sai an hura iska an sake gwadawa.

Sai dai fitila ba ta tona asirin hayaƙin inji. Janareta ko injin jan ruwa, in aka sauke shi cikin rami, ko aka ajiye a baki iska na kaɗo hayaƙinsa ciki, dafinsa ba ya hana wuta ci, yana dai kashe mutum. A nisanta shi.

Ka sauka da igiya a ƙugu, amintacce na riƙe da ita, kun kuma yi ittifaƙi a kan ma'anar kowane ja. Da ka ji jiri, ko ciwon kai, ko haki ba dalili, ja igiya nan take, ko da jijiyar gwal na ƙyalli a gabanka. In ɗan'uwanka ya faɗi a ƙasa, tausayi zai ce ka bi shi, kuma ta haka ake rasa mutum biyu ko uku a rami guda. A jawo shi da igiya.

Malamai sun tabbatar cewa kiyaye rai wajibi ne, tawakkali kuma ba ya soke riƙo da sababi. Ya kai matafiyi, in mai rami ya ƙi a gwada iska, nemi wani ramin.